Ƙidayar da Ke Tsayawa a Zaure

Duk shekara idan 8 ga Maris ta kewayo, ranar mata ta duniya, sai wani jadawali ya sake zagaye Facebook da zaurukan WhatsApp. Ƙasashe ne a jere, kowace da layi biyu, na maza da na mata, ana nuna kashi nawa cikin 100 ke da aikin yi daga shekara kaza zuwa shekara kaza. Mu nan Katsina amsarmu iri biyu ce, har na haddace su. Wasu su ce to ga shi nan, mun kulle rabin al'umma a ɗaka suna zaman kashe wando, ina talauci zai bar mu. Wasu su ce ai wannan duk shirin Turawa ne na fito da matan mutane kan titi. A yi ta jifan juna har a kira magariba, ba a samu wanda ya tsaya ya karanta jadawalin ba.

Ni ina ganin ya cancanci a karanta shi, domin akwai labari a ciki, amma ba wanda ɓangarorin biyu ke bayarwa ba. Matan Katsina ba zaune suke ba, ba su taɓa zama ba. Abin da ya dame ni shi ne sana'o'in da ke hannunsu suna zamewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa hannun wasu, kuma irin ƙirgar da ake yi ba ta iya nuna hakan.

Alƙaluman da aka fi yawo da su na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, ILO, mai hedikwata a Janiba. Abin da take aunawa shi ne, cikin mutanen da suka kai shekara 15, nawa ne ke aiki ko suke neman aiki. A duniya baki ɗaya mata ba su kai rabi ba, suna wajen kashi 47 zuwa 48, maza kuma suna wajen 72 zuwa 73. A 1990 mata sun ɗan haura 50, maza na dab da 80. Wato cikin shekara talatin da wani abu tazarar ta ɗan matse, amma ba don mata sun hau ba. Kowa gangarowa ya yi, na maza ne ya fi sauri.

Wannan na maza shi ne ba a cika magana a kai ba. A Amurka, wajen 1950, mace ɗaya cikin uku ce ke aiki ko nema, maza kuwa kashi 86. Na mata ya yi ta hawa har ya kai 60 a 1999, daga nan ya tsaya, yanzu yana wajen 57. Na maza bai daina sauka ba tun wancan lokaci, yau yana wajen 68. A Birtaniya, cikin masu shekara 16 zuwa 64, kashi 53 na mata ne ke da aiki a 1971, maza 92. Zuwa 2019 mata sun kai 72, maza sun dawo 80. Wani ɓangare na saukar maza alheri ne, samari na daɗewa a makaranta, tsofaffi na samun fansho su huta. Wani ɓangaren kuma masana'antu ne da ma'adinan kwal suka rufe, aka bar magidanta ba abin yi. Mu ma mun san wannan. Duk wanda ke da ɗan'uwa da ya yi aiki a masaƙun Kakuri a Kaduna ya san yadda aka dawo gida a farkon shekarun 2000 da katifa da akwati. Saboda haka idan aka ce maka tazarar maza da mata ta ragu a wata ƙasa, kafin ka yi tafi ka tambaya ta wane gefe ta ragu.

Sai ka duba saman jadawalin da ƙasansa. Mai tsammanin ganin ƙasashen masu kuɗi a sama zai sha mamaki, domin Madagaska da Burundi ne a can, mata kusan takwas cikin goma suna aiki. A ƙasa kuma akwai Yaman, inda ba su kai kashi 10 ba, sai Iraƙi da Jodan da Iran da ke tsakanin 10 da 15 ko sama kaɗan. Matar Burundi da ke duƙe da fartanya, goye da yaro, daga hantsi zuwa la'asar, jadawali ya ba ta lambar yabo. Matar Jodan da ta gama jami'a, a ƙasar da 'yan mata suka fi samari yawa a jami'o'i, ya sa ta a layin baya. Ban ga uwar da za a ba zaɓi tsakanin rayuwar nan biyu ta zaɓa wa 'yarta ta farko ba. Yawan adadi shi kaɗai ba ya nuna jin daɗi, sau da yawa yunwa ce ke hana zama.

Masu cewa addini ne ke hana mata aiki, ko su faɗa da zargi ko su faɗa da alfahari, su ma jadawalin bai goya musu baya ba. Indunisiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, kuma fiye da rabin matanta suna aiki. Nijar da ke nan bayan Jibiya da Kongolam, Hausa ɗaya, alƙibla ɗaya, adadin matanta ya haura kashi 60. Ko a cikin jihar nan, ka je ƙauyukan Maguzawa a yankin Malumfashi da Ƙafur da damina ka ga mata a gona, kowace da gayaunarta, ka dawo wani gari mai tafiyar rabin awa ka tarar mace ba ta san hanyar gonar mijinta ba. Masu binciken tarihin ƙasar Hausa sun rubuta cewa kulle ya ƙara bazuwa a ƙauyuka ne bayan an hana bauta a farkon ƙarni na 20, domin noma a wajen mace alamar baiwa ce, wadda ta samu 'yanci kuwa abu na farko da ta yi shi ne ajiye fartanya. Akwai addini a cikin lamarin, ba na musu, amma akwai martaba, akwai ƙarancin gona, akwai tarihi.

Wadda ta fi kowa warware wannan ƙulli ita ce Claudia Goldin ta jami'ar Harvard, wadda aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023. Ta bi bayanan Amurka na shekara 200, ta kuma gwama ƙasashe da juna, ta nuna cewa aikin mata ba miƙewa yake yi sama tare da arziki ba. Siffar ƙwarya gare shi: baki ɗaya a sama, tsakiya ta lotsa, sannan ɗaya bakin ya sake hawa. Lokacin da gida shi ne gona kuma shi ne masana'anta, mata na aiki tuƙuru, domin aikin da renon a tsakar gida ɗaya suke. Idan aiki ya tashi daga gida ya koma masana'anta da shago da ofis, matar aure sai ta tsaya, ga yara, ga nisa, ga gorin da za a yi wa mijinta cewa ya kasa riƙe ta. Sai 'yan mata sun yi karatu mai zurfi, an samu ayyukan da ba a jin kunyarsu, haihuwa ta ragu, sannan layin ke sake hawa. Turkiyya ta bi wannan hanya tiryan-tiryan. A tsakiyar shekarun 1950 wajen kashi 70 na matanta ke aiki, kusan duka a gona. Da aka kwararo birane adadin ya faɗo ƙasa da 25 a tsakiyar shekarun 2000, yanzu ya farfaɗo zuwa wajen 35. Sin kuwa daga sama da 70 a 1990 ta sauko wajen 60, a daidai shekarun da ta fi kowa tara dukiya.

Akwai abu na biyu da Goldin ta tono, wanda ya fi shafar mu. A tsofaffin takardun ƙidayar Amurka, gurbin sana'ar matar aure sau da yawa “mata” kawai ake rubutawa, ko da ita ke riƙe da shagon mijinta, ko tana saukar da baƙi a gida don kuɗi, ko tana ɗinki. Da ta gyara lissafin sai ya fito cewa a ƙarshen shekarun 1890 matan aure masu aiki sun kusa ninka abin da aka rubuta sau uku. Mu ba sai mun je Amurka neman misali ba. A 1967 wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, nan kudu da birni, ta bi garin gida-gida. A 1969 ta buga maƙala kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa, a 1972 kuma ta fitar da littafinta Rural Hausa. Abin da ta gani shi ne gari ba shi da kasuwar kirki, amma ana cinikin hatsi da mai da dafaffen abinci kullum, a cikin gidaje, a hannun matan kulle, yara ne ke kai da kawowa. Fiye da shekara hamsin ke nan da rubuta wannan, amma har gobe za ka ji mai digiri a rediyo yana cewa matanmu ba sa taɓuka komai.

Na taɓa yin aikin cike fom gida-gida na wani bincike, a unguwannin cikin birni, tsakanin Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa. Ni namiji ne, iyakata zaure. A yi sallama, yaro ya leƙo, ya koma ya kira maigida, a shimfiɗa tabarma. Wani dattijo da ba na mantawa, na tambaye shi iyalinsa, ya ce mata biyu.

“Baba, wane aiki suke yi?”

Ya dube ni kamar na yi saɓo. “Aiki kuma? Suna ɗaka mana, yaro. Ni ke fita.”

Muna cikin haka ƙamshin suya ya cika zauren. 'Yan mata biyu suka raɓa ta gefenmu da farantai a ka, ɗaya awara ɗaya dafaffiyar gyaɗa, suka durƙusa suka gaishe shi suka wuce. Wani yaro ya shigo a guje da kwalba a hannu yana cewa wai a ba shi mai in ji Innarsa, kuɗin sai anjima.

“Baba, to wannan fa?”

“A'a, wannan ai 'yar sana'arsu ce ta mata. Ba ruwana da ita.”

Kuma gaskiya ya faɗa. Bai san jarinsu ba, bai san ribarsu ba, bai kamata ma ya sani ba, domin a shari'a dukiyar mace tata ce, ci da sha da sutura kuma a wuyansa suke. Su ma ba za su faɗa masa ba, don duk matar da ta bari miji ya san abin da ke cikin asusunta ta san kuɗin cefane zai fara ramewa. Ko mace aka tura ta shiga ciki ba lalle ta samu gaskiya ba. Ga kishiya na kasa kunne, ga tsoron haraji, ga tsoron kada a cire sunanta daga jerin masu karɓar tallafi. Amsar da ta fi sauƙi ita ce ba na komai.

Goggona man gyaɗa take yi tun ina yaro. Ranar aiki tun asuba take hura wuta, ta soya gyaɗar a babban kasko tana juyawa kada ta ƙone, a baza ta huce, a murje, a sheƙe ɓawon, yaro ya kai inji a markaɗo. Sannan aikin ƙarfi ya fara. Ta zuba ƙullin a turmi, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana tuƙawa da taɓarya, zufa na zuba, har man ya fara tsattsafowa ya taru a sama ta kwashe. Tunkuzar da ta rage wata mai tsire ya saya, wata ta mulmula ta soya ƙuli a cikin man da ta fitar. Kafin ta wanke turmi la'asar ta yi, a tsakani kuma ta yi tuwo, ta yi wa jikoki wanka, ta raba faɗa. Da wannan turmin ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da shi take zubin adashi, da shi ta sha biyan kuɗin asibiti a shekarar da hatsi ya ƙare kafin kaka. Idan ka tambaye ta ribarta, ba ta cire ladan wuninta, ba ta cire itace. Wani lokacin idan gyaɗa ta yi tsada, ƙulin ne kaɗai ribar.

To yanzu an fara ƙirga irin su Goggo, sai dai gyaran ya zo da tasa matsalar. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta sauya ma'auninta ta koma kan na ILO. Da, sai ka yi awa 20 a mako ake sa ka cikin masu aiki. Yanzu awa ɗaya cikin kwana bakwai, in dai don kuɗi ko riba ka yi ta, ta wadatar. Rashin aikin yi da aka ce ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020 sai ga shi ya koma 4.1 a farkon 2023, ba don an buɗe sababbin masana'antu ba. Mutane suka yi ta dariya, kuma da gaskiyarsu. Amma rahoton hukumar ya faɗi wani abu da ya fi wancan muhimmanci, cewa fiye da kashi 90 na masu aiki a Najeriya ba su da albashi tsayayye ko fansho ko wata takarda, kuma mata sun fi maza yawa a wannan rukuni. Ruwanda akasin haka ya same ta. Da ta bi ƙa'idar ILO ta 2013 wadda ta cire masu noman ci kawai daga cikin ma'aikata, adadin matanta ya faɗo daga sama da kashi 80 zuwa ƙasa da rabi, alhali ba wadda ta ajiye fartanya. A Indiya binciken gwamnati ya ce mata sun tashi daga kashi 23 a 2017 zuwa kusan 42 a 2023, amma da masana suka buɗe ciki sai suka tarar mafi yawan ƙarin matan karkara ne masu ƙananan sana'o'i da masu taya aikin gida da gona ba tare da ko sisi ya shiga hannunsu ba. Wanda zai ɗauki layin wata ƙasa na 1990 ya gwama da namu na bana, ba tare da ya san wa aka tambaya da yadda aka tambaya ba, yaudarar kansa yake yi.

Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, a wane gefen ƙwaryar nan muke? Masu jadawali suna ɗauka muna can ƙasa, saura hawa. Ni ina jin tsoron gangara muke yi, ba mu ma kai tsakiya ba. Kakanninmu mata kaɗi suke yi. Kowace da mazarinta da alli, ta gurje auduga ta kaɗa zare ta sayar wa masaƙa, ƙasar Katsina kuwa ƙasar auduga ce, Funtuwa shaida. Zaren inji da yadin kanti suka zo, kaɗi ya mutu, yau yarinya 'yar shekara 20 ba ta taɓa ganin mazari ba. Dakau da surfe da niƙa sana'o'i ne da marasa jari ke ci da su, musamman zawarawa da tsofaffi. Injin niƙa ya zo, ya sauƙaƙa wa kowa, ban ce a koma dutse ba, amma wa ke da injin? Wa ke karɓar kuɗin? Daddawa ta sha kashi a hannun dunƙulen kanti. Man Goggo yana gasa da man jarka na kamfani. Shinkafar da mata ke turarawa su shanya su sayar tana komawa manyan injina.

Na baya-bayan nan da ke faruwa a idonmu shi ne fura. Tun tale-tale fura ta mata ce, matar gida ta daka ta cura, Bafulatana ta kawo nono ta dama a ƙwarya. Yanzu bi manyan titunan Katsina da daddare ka ƙirga shagunan fura da yogot, da firji da injin damu da fitila mai launi da na'urar POS. Samari ne a ciki. Ban ƙi su ba, gara haka da zaman majalisa, Allah ya ƙara musu kasuwa. Amma a lura da tsarin: muddin sana'a tana hannu da gumi, riba kaɗan, ta mata ce. Ranar da ta samu inji da wuta da shago a bakin titi, ranar ta zama ta maza. Matar da ke cura furar da ake kai wa shagon tana nan, tana ma aiki fiye da da, jadawali zai ƙirga ta daidai da mai shagon, mutum ɗaya da mutum ɗaya. Ribar ce ta ƙaura.

Ƙasashen da suka hau ɗaya bakin ƙwaryar kowace da abin da ya ɗaga ta. Bangaladash masana'antun ɗinki ne, ma'aikata wajen miliyan huɗu, mafi yawansu mata. Ƙidayar 1974 ta nuna kashi 4 kacal na matanta ke aiki, zuwa 2017 sun kai 36. Sun biya farashi, domin a Afrilun 2013 ginin Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinki ya rufta ya kashe fiye da mutum 1,100. Saudiyya da doka ta yi nata. A 2017 matan ƙasar masu aiki ko nema ba su kai kashi 20 ba, aka ba su izinin tuƙi a 2018, aka sassauta wasu ƙa'idoji, zuwa 2023 sun kai wajen 35, sun wuce 30 ɗin da gwamnati ta sa wa kanta zuwa 2030. Alhazanmu na 'yan shekarun nan sun gani da idonsu, mata ne ke buga musu hatimi a filin jirgin Jidda da Madina. Japan tsufan al'umma ne ya tilasta mata, ta ƙara gidajen renon yara, matan da ke aiki cikin masu shekara 15 zuwa 64 suka tashi daga wajen kashi 60 a 2012 suka haura 70 a 2019, duk da cewa da yawansu aikin rabin wuni ne. Ba inda wa'azi ko gori ya yi wannan aiki. Ko dai an samar da aikin da ke biya, ko an cire wani shinge, ko an rage wa mace nauyin da ke cinye mata wuni.

Nauyin nan shi ne namu babba. ILO ta ce a 2023 mata miliyan 708 a duniya ba sa cikin masu aiki saboda hidimar gida da reno da jinya, maza kuwa miliyan 40. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a jihar Katsina tana haihuwar 7.3 a matsakaici, mafi yawa a Najeriya, a Legas kuma 3.4. Ba ina shirin gaya wa kowa yawan 'ya'yan da zai haifa ba ne. Lissafi kawai nake yi: ciki da goyo da yaye sau bakwai shekara ashirin ne na ƙuruciyar mace, ga ruwa sai an saya ko an ɗebo, ga itace, ga wutar lantarki da ba a sa mata rana. Sana'ar da za ta yiwu a haka ita ce wadda za a iya ajiyewa idan yaro ya yi kuka, irin wannan kuwa kowace maƙwabciya ita take yi, shi ya sa ribar ba ta da auki. Ƙari a kan haka, kasuwar matar kulle a kan 'yarta take tafiya. Farantin tallan nan da ke fita da hantsi, lokacin da ake kiran suna a aji ne yake fita. Uwa na cikin masu aiki a jadawalin bana, 'yar kuma an riga an yanke mata irin aikin da za ta yi nan da shekara goma sha biyar. Wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa a bar komai yadda yake tunda mata na sana'arsu a ɗaka. Sana'ar tana da wanda ke biyan kuɗinta.

Su kuma masu tsoron fitar mace, magana ɗaya ce tsakanina da su. Duk cikinmu ba wanda ke so namiji ya karɓi haihuwar matarsa. Makarantar ungozoma tana Malumfashi, ta koyon jinya tana cikin birni, na kiwon lafiya suna Kankiya da Daura, kwalejin horon malamai ta Isa Kaita tana Dutsin-ma. Ba wadda ke ɗaukar yarinyar da aka cire daga aji uku na ƙaramar sakandare. In muna son mace ta duba mace, mace ta koyar da mace, to 'yar wani ce za ta yi, kuma ban ga dalilin da zai sa kullum ta zama 'yar wani ba tamu ba.

Kada a manta da mazan ma. Jadawali na cewa kusan duk magidanci a karkararmu yana da aiki, amma noman damina wata huɗu ne zuwa biyar, sauran shekara cin rani ne ko buga-buga. A Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari 'yan bindiga sun raba dubban mutane da gonakinsu, iyaka da Nijar an rufe ta a 2019, aka sake rufewa a 2023, kasuwancin Jibiya da Mai'aduwa ya ji jiki. A gidaje da yawa da suka yi gudun hijira zuwa cikin birni, awarar matar da wankau ɗinta ne ke ɗora tukunya, mijin na fita da safe ne don kada a ce yana gida. Nan ma tazara ta ragu, amma ba wanda zai yi murna da irin wannan raguwa.

Abin da gwamnatoci da 'yan siyasa suka iya shi ne taron rabon tallafi: rumfa, kujeru, mai ɗaukar hoto, keken ɗinki ɗari biyu da 'yan dubbai a ambulan. Bayan wata uku rabin kekunan suna kasuwa, sauran kuma sun ƙara tela goma a layin da mutum biyu suka ishe shi. Adashi ba ya sayen injin matse mai, ba ya sayen firji da farantan sola. Da za a tara matan unguwa ɗaya masu man gyaɗa, a ba su bashin inji da sunansu, ba da sunan miji ko ɗa ko kansila ba, a haɗa su da mai saye da yawa wanda zai zo ƙofar gida ya ɗauka ya tura kuɗi ta waya, da yarinya ta ajiye faranti ba tare da tukunyar gidansu ta sauka ba. Wayar tana hannunsu tuni, da yawa suna tallan turaren wuta da atamfa da cincin a WhatsApp, ɗan sahu na kai saƙo. Injin ne har yanzu ba nasu ba.